Tunau Maƙeri da 'Ya'yan Birnin Rataye

A Gangaren Tama, wani ƙauye da ke gindin jajayen duwatsu, an yi wani maƙeri ana ce masa Tunau. Gajere ne kakkaura, mai ƙarfin dantse da saurin fushi. Shi ne na bakwai a gidansu da ya gaji ƙira, kuma kamar iyayensa da kakanninsa, wuta ba ta cinsa. Sai ya sa hannu ya gyara garwashi kamar mai tsince tsakuwa a cikin gero.

Wata rana da hantsi yana cikin ƙera fartanya, sai wutar maƙerar ta kwanta lif kamar an danne ta da faifai. Ya zuga, ta ƙi tashi. Da ya ɗaga kai sai ga wani dogon mutum a bakin rumfa, kansa ya wuce jinka, ya sunkuyo yana leƙowa. Rana na dukansa amma ba shi da inuwa. A hannunsa akwai ƙunshi an naɗe da fatu bakwai, ya riƙe shi nesa da jikinsa kamar mai ɗauke da maciji.

"Aminci ya tabbata ga jikan Barmo," in ji baƙon. "Ni ne Sambali, jakadan Magajiyar Birnin Rataye. Kwance wannan ka gani, don mu aljanu ba ma taɓa baƙin ƙarfe."

Tunau ya yi addu'a a zuci, ya kwance. Rabin zoben sarƙa ne, kaurinsa ya kai wuyan hannun ƙato, tsatsa ta cinye shi har ya tsinke. A jikinsa akwai layi uku da ɗigo, tambarin gidansu da yake bugawa a kan kowace garma.

Sambali ya ce, "Kakanka Barmo ne ya ƙera sarƙoƙi ukun da birninmu ke rataye a jikinsu. Ladansa, wuta ba za ta ci zuriyarsa ba. Sharaɗinsa, ranar da muka kira, mutum ɗaya daga cikinku zai amsa. Sarƙa ɗaya ta tsinke, ta biyu tana kuka. Mun kira."

"In na ƙi fa?"

"Ba mai taɓa ka. Gidaje dubu huɗu za su faɗa ramin da ba shi da ƙasa, da tsofaffinsu da jariransu, kai kuma ka ci gaba da ƙera fartanyarka."

Tunau ya daɗe yana juya rabin zoben a hannu. Daga nan ya ja tsaki, ya zuba kayan ƙirarsa, masaba da awartaki da kurfi, a jaka, ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa Tabawa ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli da garin gero, aiki ya taso masa a nesa.

"Abu ɗaya za ka riƙe," in ji Sambali da suka kama hanya. "Kwana bakwai ne iyakar zaman ɗan Adam a wurinmu. In rana ta bakwai ta faɗi kana can, ka zama namu har tashin duniya."

Bayan gari akwai tsofaffin ramuka inda mutanen zamanin da suke haƙo tama, wato jan dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Suka shiga mafi zurfinsu. Suna ta gangarawa har hasken bakin ramin ya koma kamar ƙwayar gero, sai kwatsam suka fito wani fili mai koren sama, ba tsuntsu ba ciyawa. Gabansu wani kwazazzabo ne, hanya siririya ta bi ta gefensa, baƙaƙen duwatsu sun tsaya a ƙetare.

Ba su yi taku ashirin ba Tunau ya ji an fizgi jakarsa. Ya waiwaya, ba kowa. Aka sake fizga da ƙarfi, jakar ta miƙe a iska tana jansa zuwa bakin rami. Ya dafe dutse, ƙafafunsa suna zamewa, igiyar jakar ta shaƙe masa wuya. Wuƙar da ke ƙugunsa ta zare kanta ta tashi fiu.

"Saki!" Sambali ya yi tsawa. "Duwatsun nan mayun ƙarfe ne! Saki, ko su tafi da kai!"

Da ƙyar ya zame kansa daga igiyar. Jakar ta tsallake kwazazzabon ta manne can sama a jikin dutse, cikin tarin masu da takubba na waɗanda suka riga shi. Ƙunshin guzurinsa kaɗai ya tsira.

Tunau ya tashi yana haki. "Ka san da wannan ka yi shiru?"

"Na yi kuskure, ya jikan Barmo. Fatu bakwai ne suka kare zoben da na ɗauko, ban tuna da kayanka ba."

"To da me zan yi ƙirar? Da haƙorana?"

Sambali ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da tafiya.

Gaba kaɗan suka tarar da kogin toka, yana gudu yana hayaƙi. Wani kada ya ɗago kai daga ciki, tsawonsa ya kai daga wannan gaɓa zuwa waccan.

"Wane ne mai jini a jika da ke son ƙetarewa?" in ji kadan.

"Maƙeri ne, ya mai gadin kogi," in ji Sambali.

"In maƙeri ne ya gaya mini abin da ya fi ƙarfe ƙarfi. In ya ce wuta, zan haɗiye shi, don kowa haka yake cewa."

Tunau ya tuna abin da ya gani cikin fatu bakwai, ya ce, "Wuta lanƙwasa shi take yi ya dawo ya fi da. Tsatsa ce ke cinye shi, ba ta kuwa gaggawa."

Kadan ya lumshe ido, ya shimfiɗa bayansa. Suka taka suka wuce.

Daga nan ne ya hango birnin. Wani dutse ne ya tokare sama kamar rufin ɗaki, birni guda yana lilo a ƙarƙashinsa kamar sheƙar tsuntsu a reshe, da ganuwarsa da kasuwarsa da soraye. Ƙasa da shi babu komai sai duhu. Sarƙoƙi biyu ne ke riƙe da shi. Ta ukun ta tsinke daga can sama, mutanen birnin sun ɗaure ta da igiyoyin kaba kada ta zube. Birnin ya karkace gefe ɗaya, har tukwane na gangarawa a kan titi mata suna bin su da gudu. Lokaci lokaci sai sarƙa ta biyu ta yi wani ƙara, ƙiiii, kowa ya tsaya cak har ta yi shiru.

Magajiya tsohuwa ce ƙarama mai ido kamar garwashi. Ba ta ɓata lokaci da gaisuwa ba.

"Ya ɗan Adam, zobe ɗaya muke so a ƙera a haɗa sarƙar da ta tsinke. Amma inda ta tsinke cikin tsagar dutse ne, wadda ta matse tun bayan zamanin kakanka. Hannunka zai shiga, jikinka ba zai shiga ba. Mu manya ƙarfe yana ƙona mu, amma 'ya'yanmu suna iya taɓa shi kafin su yi famfara, wanda kuma ya saba da shi tun yana yaro ba zai ƙona shi ba har tsufansa. Ga uku na zaɓa maka. Ka koya musu."

Aka turo yara uku. Na farko siriri ne, ba ya tsayawa wuri ɗaya, sunansa Tartsatsi. Na biyu ƙaton ciki gare shi da idon barci, ana ce masa Gundumi. Ta ukun yarinya ce, Hurwa, ta ɓuya a bayan Gundumi tana leƙen Tunau da ido ɗaya.

"Ranki ya daɗe, ni shekara goma sha biyu na yi ina zuga kafin ubana ya bar ni in riƙe masaba," in ji Tunau. "Kuma a garinmu mace ba ta ƙira."

"Nan ba garinku ba ne. Shekara goma sha biyu kuwa ba mu da ita."

Aka ba su wani fili kusa da ganuwa. Tunau ya ce su tara masa itacen ƙirya za a yi gawayi. Kafin ya rufe baki Tartsatsi ya dawo da ɗanyen kara, Gundumi kuwa ya zauna a kan tulun ruwa ya fasa shi. Ran Tunau ya ɓaci.

"Ku wane irin sakarkaru ne!" ya daka musu tsawa.

Fuu! Yaran uku suka zama hayaƙi, iska ta watsa su bisa rufin gidaje.

Tunau ya yi tsaye baki buɗe. Sambali, wanda ke zaune nesa, ya ce, "Haka 'ya'yanmu suke in an firgita su. Ba da gangan suke yi ba. Sai sun huce jikinsu ke haɗuwa."

"Yaushe za su huce?"

"Wataƙila gobe."

Haka ranar farko ta tafi a banza. Tunau ya sari ƙiryar da gatarin dutse shi kaɗai, ya binne ta da wuta, yana jin sarƙa na kuka a bisa kansa.

Washegari yaran suka dawo, suka rakuɓe jikin ganuwa. Tunau ya haɗiye abin da ke bakinsa. Ya zauna a ƙasa, ya ɓare ƙuli-ƙuli ya miƙa musu, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin ɗan akuya.

"Ku matso. Ba ni da masaba, ba ni da awartaki. To mutanen farko ma ba su da su, don haka ta inda suka fara za mu fara. A wurinmu ana cewa Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi aka tausasa wa ƙarfe yana murɗa shi da hannu. Sauran mutane kuwa sai da suka sha wuya. Kakannina rami suke shiga su haƙo tama, su gina murhu dogo kamar rumbu, su cika shi da tama da gawayi, su yi ta zuga har dutse ya yi gumi ya saki ƙarfen da ke cikinsa. Ni kaina sau biyu na ga an yi, ina yaro. Yanzu tsohon ƙarfen mota muke saya."

"Mene ne mota?" in ji Tartsatsi.

"Bar wannan, ba za ta cece ku ba."

Hurwa ta yi magana a karon farko, muryarta ƙasa ƙasa. "Malam, in ba su da awartaki, da me suke riƙe ƙarfe mai zafi?"

"Da ɗanyen itace tsagagge, yana ci suna sakewa. Kakana ya ce wata rana wani maƙeri ya ga karensa kwance ya harɗe ƙafafun gaba, ɗaya bisa ɗaya. Ya kalla, ya kalla, sai ya ƙera ƙarfe biyu ya harɗe su haka nan, ya sa ƙusa a tsakiya. Awartaki ke nan."

Yaran suka yi dariya, Gundumi ya kwanta ya harɗe hannuwa yana haushi. Tunau ya ga sun saki jiki, sai ya tashe su aiki. Ya nuna musu yadda ake gane tama, ja ce mai nauyi, in an goga ta a dutse sai ta bar jan layi. Suka hau jikin dutsen kamar ƙadangaru suka cika kwanduna. Suka kwaɓa yumɓu suka gina murhu, aka ɗinka zugazugi da fatun awaki biyu.

Rana ta uku aka kunna wuta. Gundumi, wanda bai iya komai ba, sai ga shi ya iya zuga. Ya zauna tsakanin fatun yana danna dama yana danna hagu, bai gaji ba, bai yi sauri ba, tun safe har la'asar.

Rana ta huɗu suka fasa murhun. Dunƙule ya fito, baƙi mai ƙuraje kamar gidan gara.

Tartsatsi ya taɓe baki. "Wannan ne ƙarfen? Ai kashi ne."

"Rabi kashin maƙera ne, rabi ƙarfe. Duka ne ke raba su."

Suka samo shimfiɗaɗɗen dutse ya zama uwar maƙera, wani mulmulalle ya zama masaba. Suka yi ta mayar da dunƙulen wuta suna duka har dattin ya fita. Da ƙarfen farko Tunau ya ƙera masaba, da masabar ya ƙera awartaki. Yana yi yana koya musu karatun wuta.

"Ƙarfe da launi yake magana. In ya yi ja kamar busasshen barkono, bai nuna ba. In ya yi kamar ɗanyen manja, buga. In ya yi ruwan ƙwai, yi sauri, yana da taushi. In ya yi fari yana tartsatsi, lokacin ne baki biyu ke haɗuwa su zama ɗaya. Ka ƙara numfashi uku bayan nan, ya ƙone, aikinka ya lalace."

Rana ta biyar da azahar suna cikin miƙar da sandar da za ta zama zobe, sai sarƙa ta biyu ta yi ƙarar da ba ta taɓa yi ba. Wani zobe a tsakiyarta ya buɗe baki, bai rabu ba tukuna, amma birnin ya yi wata irin girgiza ya ƙara sunkuyawa. Gefen ganuwa ya ɓalle ya faɗa duhu. Tunau ya kasa kunne don ya ji faɗuwarsa, har ya gaji bai ji ba. Garwashi ya watse, Tartsatsi da Gundumi suka zama hayaƙi.

Hurwa ce kaɗai ta rage. Ƙafafunta sun fara narkewa, amma ta rungume awartakin da hannu biyu, ta runtse ido, ƙarfen bai faɗi ba.

"Yaya aka yi ba ki watse ba?" Tunau ya tambaye ta bayan an lafa.

"Malam, ka ce in na saki zai huce. Sai na yi ta tunanin ƙarfen, ban tuna da tsoron ba."

Tunau ya dube ta da kyau. Ya karɓi awartakin, ya miƙa mata masaba.

Rana ta shida suka wuni suna gwada haɗa baki da ƙananan zobba. Na farko Tartsatsi ya zare shi da wuri, ya ƙi kamawa. Na biyu ya ƙone. Na uku Hurwa ta buga a karkace, bakin ya zame. Tsawa ta taso wa Tunau har maƙogwaro sau uku, sau uku yana cije leɓe yana cewa, "Sake." Ya nuna musu yadda ake fiƙe bakunan biyu su hau juna, da yadda ake yayyafa yashi don datti ya gudu, da yadda bugun farko ke zama mai sauƙi, na biyu da na uku su bi da ƙarfi. Zobe na tara ya kama. Na goma bai kama ba. Rana ta faɗi.

Da safiyar rana ta bakwai aka saka su a cikin wani babban kwando, da kaskon wuta da zugazugi da sabon zoben, wanda aka lanƙwasa aka bar bakinsa a buɗe. Manyan aljanu suka ja igiya daga nesa, kwandon ya yi ta hawa. Tunau ya leƙa ƙasa sau ɗaya, ya ga birnin ya koma kamar faifai, mutane sun cika tituna sun ɗaga kai. Bai sake leƙawa ba.

Tsagar dutsen ta fi yadda ya zata matsewa. A cikinta wata ƙatuwar ƙugiya ce da guntun sarƙa yana reto. Aka ja tsinkakkiyar sarƙar da igiyoyi ɗari har ta matso. Tartsatsi ya kutsa ya zura sabon zoben ta cikin na sama da na ƙasa. Hurwa ta bi shi da masaba, ta kafa guntun dutse a bayan zoben. Aka tura kaskon wuta ƙarƙashin buɗaɗɗen bakin, Gundumi ya kama zuga daga cikin kwando. Tunau ya tura hannunsa na dama har kafaɗa, ya manna ido a tsagar.

Iska na busowa, wutar ta ƙi kama ƙarfen. Hantsi ya wuce. Azahar ta yi ta gota. Igiyoyin kaba suka fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, masu ja suna nishi daga ƙasa.

"Ja ne, Malam," in ji Hurwa.

"Jira."

"Manja."

"Jira. Gundumi, ƙara kaɗan, kada ka yi sauri."

"Ruwan ƙwai!"

"Tartsatsi, yashi."

A daidai wannan lokacin sarƙa ta biyu ta rabu. Ƙararta ta cika duniya. Birnin ya yi lilo a kan sarƙa ɗaya tak, ya fizgi wadda suke haɗawa, sabon zoben ya juya ya fara zamewa daga awartakin Tartsatsi. In ya zame, bakinsa zai buɗe, sarƙar ta sulale. Tunau ya kai hannu ya damƙe zoben, ya juyo da shi kan wuta. Zafin bai dame shi ba. Amma birnin ya dawo da lilonsa, tsohon zobe ya hau kan sabo, yatsunsa huɗu na tsakani.

Ya ji ƙashi na karyewa ɗaya bayan ɗaya. Ihu ya cika masa ƙirji, ya hau wuya, ya iso bayan haƙora. Ya ga fuskar Hurwa ta tsagar, ta fara dusashewa, ta zuba masa ido. Ya san in sauti ɗaya ya fita, masaba za ta faɗi, ba mai ɗauka.

Ya haɗiye. Gumi na zuba a idonsa ya ce, da muryar da yake cewa a miƙo masa ruwa, "Hurwa, kada ki dube ni. Dubi ƙarfen. Wane launi?"

Ta juya. "Fa... fari ne. Yana tartsatsi."

"To buga. A hankali na farko."

Ƙwal.

"Yanzu da ƙarfi."

Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal! Tartsatsin wuta ya cika tsagar. Ta yi ta bugu har farin ya koma manja, manjan ya koma barkono. Tartsatsi ya kwarara ruwa, tururi ya tashi. Igiyar ƙarshe ta tsinke, nauyin rabin birni ya sauka a kan sabon zoben gaba ɗaya. Ya yi ƙara sau ɗaya, ya tsaya.

Da sarƙar ta miƙe sai zobban suka daidaita, hannun ya fito. Tunau ya dube shi, ya ce, "Madalla," ya sulale cikin kwando.

Ya farfaɗo a gaban Magajiya, an naɗe hannun da ganye. Birni ya cika da guɗa. Rana ta yi ja, saura kamar tsawon mashi ta faɗi.

"Ya jikan Barmo, ka cika alkawarin gidanku har ka ƙara," in ji Magajiya. "Muna da mai ɗori da zai mayar da yatsunka kamar ba a taɓa su ba, amma aikinsa kwana uku ne. Ka zauna a gyara, ka zama Sarkin Maƙeranmu. Ko ka tafi yanzu da hannunka yadda yake."

Tartsatsi ya riƙe masa riga. "Malam, saura sarƙa ta biyu! Wa zai nuna mana?"

"Kun yi ɗaya, za ku yi biyu. Kai dai ka daina zare ƙarfe da wuri." Ya juya ga Magajiya. "Ranki ya daɗe, na ce wa matata aiki ne ya taso, ban ce mata ƙaura ba. A kai ni gida."

Ya duba bai ga Hurwa ba. Sambali ya riga ya durƙusa, ya ce ya hau bayansa, lokaci ya ƙure. Sun kai bakin ƙofar birni sai ga ta da gudu, fuska duk baƙin gawayi, ta cusa wa Tunau wani abu naɗe cikin fatu bakwai. Sambali ya zabura. Suka tsallake kogin toka da taku ɗaya, suka wuce kwazazzabo kamar walƙiya, suka hau ramin tama hasken bakinsa na dusashewa. Sambali ya wurgo shi waje ya faɗi a kan ciyawa, daidai lokacin da ladanin Gangaren Tama ya ɗaga murya da kiran sallar magariba.

Tabawa ta yi kuka da ta ga hannun, ta yi faɗa, ta dama masa kunu. Yatsun suka warke a ƙage, ba sa lanƙwasuwa. Sai bayan wata guda ya iya kwance ƙunshin. Masaba ce ƙarama, an ƙera mata zobe a ƙota daidai wuyan hannu, yadda mutum zai zura hannu ya yi bugu ko ba ya iya damƙa. Ƙotar ta ɗan karkace. Ya juya ta, ya duba mahaɗin zoben a rana, ya nemi tsaga bai samu ba.

Da ita ya ci gaba da ƙira shekara goma sha tara, da yaran gari zagaye da shi suna riƙe masa abin da hannun ba ya iyawa. Wata rana Sarkin Maƙeran ƙasar ya biyo ta ƙauyen, ya ɗauki masabar ya jinjina, ya ce bai taɓa ganin irin wannan haɗi ba, wane gwani ne ya yi?

"Wata ɗalibata ce," in ji Tunau. "Kwana shida ta yi a hannuna."

Mutane suka fashe da dariya. Tunau ya miƙa hannu aka zura masa masabarsa, ya ce wa yaron da ke kan zugazugi ya ci gaba.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan na labarin Tunau, kuma yadda na ji shi haka na ba ku.